Na'urori Biyu, Lamba Ɗaya

Shekarun farko da na yi ina aiki a kan ƙwayar tsarin aikin kwamfuta, wato kenel, duk a kan injinan x86, wato masu furosesan Intel ko AMD, na yi su. A can na saba da kiran kowace na'urar PCI, wato tsarin da ake haɗa na'urori irin su kati da faifai da kwamfuta, da lambobi uku: ta bas, ta na'ura, da ta sashe. Bas shi ne layin da na'urori ke bi su yi magana da furosesa, kuma lambarsa bit 8 ce, daga 0 zuwa 255. Na'ura bit 5, wato 32 a kowane bas, sashe kuma bit 3, wato 8 a kowace na'ura. Idan ka haɗa, bit 16 cif. Wannan daidaito ya kwanta mini a rai, sai na dunƙule lambobin ukun na mayar da su mabuɗin teburin da kenel ɗinmu ke ajiye na'urori. Ya daɗe yana aiki, ba wanda ya ce uffan.

Kuskuren ya fito fili ne ranar da aka ce in ɗora kenel ɗin a kan wani allo mai furosesan ARM. Na soka katin intanet a rami ɗaya, faifan ajiya na NVMe a ɗayan, na kunna. Faifai ya bayyana, kati ya yi ɓatan dabo. Na zare faifan, kati ya dawo. Kwana uku ina zargin wuta, ina canza waya, ina auna zafi da ɗan yatsa a kan allon. A dare na uku na zauna na bi rubutun tashin injin layi bayan layi, sai na ga katin da lamba 01:00.0, can ƙasa kaɗan ga faifan shi ma da 01:00.0. Allon gadojin tushe biyu gare shi, wato gadojin da ke haɗa furosesa da bas-bas na PCI, kowace da bishiyarta ta na'urori, kowace ta fara ƙirga daga sifili. Wanda ya zo daga baya ya zauna a gurbin na farko a teburina.

Ashe lambar bas ba ta da ma'ana sai a ƙarƙashin gadar da ta haife ta. Masu aiki a kan Alpha, PowerPC da SPARC sun riga mu shan wannan ruwan, domin manyan injinansu sun daɗe da gadojin tushe da yawa. Shi ya sa cikakken adireshi a Linux yake kama da 0000:01:00.0. Sifilan nan huɗu na farko, da na sha gani ina wucewa, su ne lambar yanki. A injin da ke da ACPI, wato tsarin da injin ke bayyana wa kenel kayan da ke cikinsa, ana samun ta daga _SEG da teburin MCFG. A allon da ke amfani da bishiyar na'urori, wato fayil mai bayyana wa kenel kayan allon, ana iya rubuta ta da linux,pci-domain.

Da na kai gyarana wurin babbanmu a aikin, na ƙara yanki na bit 16 ina ganin an gama. Ya duba ya ce, "Wa ya raba lambobin nan, kai ko wanda ya tashi injin kafin ka iso?" Na ce, "Ranka ya daɗe, BIOS mana." Ya ce in je in nemo BIOS a allon nan.

Tambayar ta fi kuskuren farko amfani a gare ni. A x86, BIOS ko UEFI, wato manhajar da ke fara tashin injin, ne ke zagayawa ya raba lambobi kafin kenel ya farka, kenel ya tarar da abu a shirye. A alluna da yawa na ARM, gadoji na nan fayau, kenel ne zai yi rabon da kansa. Kowace gada tana riƙe da lambobi uku: bas ɗin da ke samanta, wanda ke ƙarƙashinta kai tsaye, da lamba mafi girma a duk zuriyarta. Dole ka nutsa cikin reshe har ƙarshensa kafin ka san lamba ta ukun, sannan ka dawo ka kama na gaba. Idan kuma rami ne da ake soka masa na'ura injin na cikin aiki, kamar Thunderbolt, sai ka bar masa sarari, domin abin da za a soka gobe zai iya zuwa da gadojinsa. Lambobi 256 suna da yawa a ido, amma ina ganin rowa wajen barin sarari ta fi ɓarna haɗari, tunda sake rabo bayan direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa na'urori, sun kama aiki abu ne mai wuyar gaske.

Daga nan na sake fasalin gaba ɗaya. Zagaye da rabon lamba suka koma wuri guda da kowane irin furosesa ke amfani da shi. Abin da ake tambayar ɓangaren injin kaɗan ne: ina gadojin tushe suke, daga wace lamba zuwa wace aka ba kowace, kuma ta yaya ake karanta bayanan na'ura. Tsohuwar hanyar x86 ta ƙofofin 0xCF8 da 0xCFC ce, mai kai bayit 256. Ta PCI Express, sabon salon PCI, kuwa, mai suna ECAM, tana shimfiɗa bayit 4096 ga kowane sashe a cikin ƙwaƙwalwa, megabayit 1 ga kowane bas. Mai zagaye ba ruwansa da wadda aka bi. Yankin ma na faɗaɗa shi zuwa bit 32, bayan na ga Linux na ba na'urorin da ke bayan VMD na Intel, wani mai kula da faifan NVMe, yankuna daga 0x10000, lambar da ba ta shiga bit 16.

Abin da har yanzu yake damuna shi ne yadda lambobin nan ke tsallakawa su kai ga mai amfani. Tun sigar 197 ta systemd, manhajar da ke tashin ayyuka a Linux, a 2013, katin intanet kan samu suna irin enp3s0, kuma ukun nan lambar bas ce. Mutum ya ƙara faifai, lambobi suka gusa, suna ya koma enp4s0, saitinsa ya daina aiki alhali bai taɓa katin ba. A namu kenel, duk abin da za a ajiye don gobe yanzu yana bin hanya ne daga gadar tushe, na'ura da sashe a kowane mataki, babu lambar bas a ciki. Ranar da na gama, na mayar da kati da faifai ramukansu na kunna allon, layuka biyu suka fito: 0000:01:00.0 da 0001:01:00.0.