Ɗanyen katako da gadon amarya

A ƙarshen watan jiya na kwashe 'yan kayan aikina daga shagon kafintan da nake zuwa koyon aiki ranakun Asabar da Lahadi. Ban yi faɗa da kowa ba. Har gida na je na yi wa Maigida sallama da godiya, ya ce Allah ya ba da sa'a, ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ba da kafinta nake ciyar da iyalina ba, kuma tun ranar farko na gaya masa abin da ya kawo ni: so nake in iya haɗa tebur da kanta da kujera a gidana, da hannuna. Abokai da suka ga teburin karatun da na yi wa yara suna ta tambayata ko su ma su nemi shago su koya. Amsar ta fi ƙarfin hirar bakin masallaci, shi ya sa na rubuta ta.

Ku je. Akwai abin da bidiyon YouTube ba zai sa maka a hannu ba, kamar yadda ake tsayuwa a saki kafaɗa zarto ya yi tafiyarsa, ko yadda ake wasa kurfi har ya aske gashin hannu. Sai ka tsaya kusa da wanda ya iya. Amma ku je da sanin cewa shago ba makaranta ba ne. Maigida ba da koyar da kai yake samun kuɗi ba, da fitar da kaya yake samu, kuma duk abin da zai jinkirta fitar kaya abokin gabarsa ne, ko da gaskiya ce.

Wani Alhaji ya kawo aikin kayan ɗakin 'yarsa a ƙarshen damina: gado, sif da madubi. Ya kafa sharaɗi cewa katako na gaske yake so, ba MDF ba, wato allon garin katako da aka matse da gam, domin na babbar 'yarsa ƙafafunsa sun kumbura sun rududduge saboda ruwan goge ɗaki. Ya ba da kafin alƙalami mai kauri. Kowa ya san abin da ake yi da irin kuɗin nan a shaguna, da shi aka ƙarasa aikin wani da ya daɗe yana zarya. Sai da biki ya matso sannan muka tafi 'Yan Katako ta Na'ibawa ni da Maigida, muka tarar ana sauke falankan itacen malaina daga wata tirela da ta taso daga kudu. Ita ya saya, don ta fi araha kuma ga faɗi.

Tun a wurin lodi na ji nauyin falankin ya wuce misali. Na kara bayan hannuna a jikinsa na ji sanyi, alhali rana na dukan sa. Da muka fara yanka, garin katakon ba ya tashi, dunƙulewa yake yi yana manne wa haƙoran zarto, in ka buga ƙusa har ɗan ruwa kake gani ya taru a gindinta. Na matsa kusa da shi na rage murya don kada yara su ji, na ce, "Maigida, katakon nan ɗanye ne. Ko za a jingine shi ya sha iska, a roƙi Alhaji ya ƙara mana lokaci?" Shi kuwa ya ɗaga tasa muryar, ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne. Miƙo gam." Yara suka kwashe da dariya.

Ni ya ba wa fuskar gadon, saboda yankana ya fi na yaran miƙewa, kuma ya sha faɗin haka da bakinsa. Falanki huɗu na jera gefe da gefe, na shafa Top Bond, na matse, sannan ya sa na gicciya katakai biyu ta baya na kafe su da ƙusoshi. Aka goge da samfefa, aka fesa fenti. Gado ya yi kyau, ba ƙarya. An ce ranar jere mata sai tambaya suke wane shago ne.

Hunturu na kankama Alhaji ya zo shagon, ranar wata Asabar, ina nan. Ya nuna mana hoto a wayarsa. Fuskar gadon ta buɗe a tsakiya daga sama har ƙasa, ana hango bango ta cikin tsagar, ƙofofin sif sun murɗe ba sa haɗuwa. Maigida ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna ni da haɓa. "Ranka ya daɗe, wannan malamin na ba wa wurin. Ɗan koyo ne, gam ɗin ne bai sa da kyau ba. A yi haƙuri, za a gyara." Alhaji ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Haba Malam, da girmanka? Ka tsaya a allonka mana." Ɗansa ɗalibina ne, ya san ni, na san shi.

Ban ce komai ba. Maigida sa'an mahaifina ne, yaransa suna tsaye, kuma ba a ƙaryata babba a gaban baƙo. Bayan Alhaji ya tafi na jira ko zai kira ni gefe ya ce wani abu, ko da "ka yi haƙuri, rufin asiri ne". Abin da ya ce shi ne in kawo kuɗin falanki biyu na gyara, tunda hannuna ne. Na kawo. Na ci gaba da zuwa shagon har na ga na samu abin da na je nema, amma daga ranar ban sake ba shi shawara a kan komai ba.

Gam bai yi laifi ba, kuma na tabbatar wa kaina. Na ɗauki guntun malainar nan da ya rage na kai gida, na rubuta nauyinsa a jikinsa da fensir bayan na ɗora shi a sikelin kicin, na ajiye a zaure. Duk Juma'a sai in sake aunawa. Nauyi ya yi ta sauka mako bayan mako, faɗin ma ya ragu, amma tsawon yana nan yadda yake. Abin da duk mai son taɓa katako a Arewa ya kamata ya sani ke nan tun kafin ya sayi guduma. Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita har ƙarshen rayuwarsa, yana kumbura yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Falanki mai faɗin inci 12 da aka yanko ɗanye zai iya rasa kwatan inci ko fiye kafin ya daidaita da iskar Kano. Jera huɗu, ka ga an doshi inci guda. In ka gicciya wani katako ta baya ka kafe da ƙusa, ka hana shi tafiya ke nan, domin na gicciyen tsawonsa ba ya raguwa. Dole wani wuri ya yage.

Mu kuma yanayinmu ya fi na kowa tsanani a wannan fanni. Yawancin katakon da muke saya daga dazuzzukan kudu yake zuwa, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara. A nan laimar iska takan haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, ta faɗo ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Ƙofar da ke cijewa da damina ita ce ke karkaɗawa a Janairu. Malaina kuma, wadda asalinta daga Asiya aka kawo ta aka dasa a gandun daji, tana da wani hali na yaudara: bayanta ya bushe, cikinta na riƙe da ruwa, ta fi yawancin katakai jinkirin bushewa. In ta bushe kuwa, katako ce mai biyayya, ga sauƙin yanka, ba ta cika motsi ba.

Maigida ya san duk wannan. Shekarunsa a sana'ar sun fi shekarun aikina na gwamnati. Abin da ba shi da shi lokaci ne da wurin ajiya da jarin da zai kwantar a katako na wata da watanni, kuma ban ce matsalar ƙarama ba ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya san gaskiyar, ya ɗora wa wanda ya faɗa masa ita.

A nan mai yi a gida ya fi mai shago gata, ko da kayan aikinsa ba su kai rabin nasa ba. Babu amaryar da ke jiran ka. Ni yanzu da kaka nake sayen katako, in jera shi a kwance a inuwa, nesa da ƙasa a kan bulo, in sa 'yan siraran sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, in ɗora nauyi a sama don kada ya lanƙwashe. Bakunan nakan shafa musu ragowar fenti, saboda ta nan ruwa ke saurin fita har baki ya tsage. Kada a shanya a rana, fashewa zai yi. Littattafan Turawa suna cewa shekara guda ga kowane inci na kauri, amma wannan lissafin ƙasarsu ne mai sanyi, hunturu guda a nan yana yin aiki mai yawa. Ni dai sikelin kicin ne alƙalina: ranar da guntun gwaji ya daina sauka, ranar nake ɗaukar zarto. Uwargida ta gaji da magana a kan sikelin, ta sayi wani.

Saman tebur kuma ban ƙara kafe shi da ƙusa ba. Noti nake sawa ta ƙasa, in faɗaɗa ramin ya zama dogo ta gefen faɗi, don katakon ya samu wurin zuwa da dawowa. Ƙafa da gindi nakan huda rami a ɗaya in fiƙe bakin ɗayan ya shige daidai, sannan gam. A shago ba a yin wannan sai an biya kuɗinsa, ƙusa ake bugawa a cike ramin da garin katako da gam, fenti ya rufe sauran.

Game da irin katako, ra'ayina ba zai yi wa masu son burga daɗi ba. Mai koyo ya fara da farin katako mai araha, ya ɓata, ya sake. Madaci yana da kyau da nauyi, amma yakan yage a ƙarƙashin abin fira in ba ka karanci inda zarensa ya dosa ba. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, gara ba ta cika damun sa ba, sai dai ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, a rufe hanci. Madobiya kuwa, wadda kakanninmu suka sani a dazukanmu, an yi mata kisan kiyashi a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodawa zuwa Chana, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido a 2017. In wani ya kawo maka ita da araha, tambayi kanka daga ina. MDF ma ban raina shi ba. Ba ya motsi da hunturu, ya dace da kanta da ƙofar sif, ruwa ne kawai ajalinsa, don haka a yi masa ƙafafu da katako na gaske. Da an gaya wa Alhaji wannan tun farko, da kowa ya huta.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Tef ɗaya za ka yi aiki da shi daga farko har ƙarshe, domin na kasuwa ba duka bakinsu ɗaya ba. Tu-bai-fo na kasuwa ba ya cika inci 2 da 4, auna da kanka kafin ka zana komai. Tsayin teburin cin abinci ko na karatu wajen santimita 75 ne, mazaunin kujera wajen 45, in ka kauce sosai baya zai gaya maka. Abin matse katako ya fi injin yanka amfani ga mai farawa, sayi huɗu kafin ka yi mafarkin na'ura, balle ga halin wutar lantarki. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi don gara kada ya kusanci abin da za a shigar ɗaki. Kurfi dakusasshe shi ke yanka mutum, ba mai kaifi ba. Kada ka yi wa ɗan'uwa aiki kyauta da alkawarin rana.

In kuma za ka shiga shago koyo alhali kana da wani aikin da girmanka, ka sani kai ne mafi sauƙin ɗora wa laifi, saboda ba za a kore ka ka rasa abinci ba, kuma kunya ba za ta bar ka ka yi musu ba. Ka yi aikin da aka sa ka, amma duk abin da ka ga zai dawo, faɗe shi a gaban shaida, ba a kunne ba kamar yadda ladabi ya sa na yi. Ɗaya daga cikin yaran da suka yi dariyar nan yanzu yakan biyo ta zaurena da yamma, wai yana son ya ga yadda ake huda ramin ƙafar tebur, don ya shekara uku a shagon ba a taɓa nuna masa ba. Ina nuna masa.

Na ji an ce Alhaji zai aurar da ƙaramar bayan Babbar Sallah, kuma wai ya rantse wannan karon kayan waje zai saya, ya gama da kafintocin gida. Mukan haɗu a taron iyayen yara, mu gaisa lafiya lau. Har yau a wurinsa ni ne malamin da bai iya sa gam ba.