Na gwada mayar da zauren kakanmu 3D da hotunan waya

Jama'a, akwai abin nan da AI ke yi, ka ba ta hotunan wuri ta fito maka da shi ta ɓangaren da ba ka taɓa tsayawa ka ɗauka ba. Na gwada shi a kan tsohon zauren gidan kakanmu a Zariya, don an ce za a rushe a yi na bulo, ni kuma dagin da aka zana a goshin ƙofar nan wallahi raina bai yarda ya tafi haka ba.

Cikin fasahohin da ke wannan aiki, wata mai suna NeRF ce ta fara tashe a 2020, lokacin sai kwamfuta ta kwana tana aikin wuri ɗaya. A 2023 masu bincike na Inria a Faransa suka kawo wani sabon salo, Gaussian Splatting, mai sauri sosai, da shi na yi, a laptop ɗin wani abokina mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA. Amma kafin nan sai wata manhaja mai suna COLMAP ta gano inda ka tsaya a kowane hoto, alamomin da suka maimaitu take bi, shi ya sa bangon waje mai zane ya fito tsaf har da sawun yatsun magini a jikin yaɓe, cikin zauren kuwa da aka shafe da farar ƙasa sumul ta rasa abin kamawa sai wani hazo-hazo. Don haka kowane hoto ya haɗa da fiye da rabin na bayansa, ka zagaya a hankali, ka gama kafin inuwa ta gusa. Yaran da ke wucewa ma sun fito kamar fatalwa, a roƙe su su ɗan dakata.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne saman soron. Daga ƙasa ba a ganinsa, sai na sa wata manhaja mai cike gurbi da hasashe, ta cike shi kyakkyawa kuwa. Da na nuna wa Kawu ya daɗe yana kallo, sai ya ce "Yaro, indararon nan ba nan yake ba, ta gabas ruwa ke sauka." Gaskiyarsa, ƙirƙira ta yi, kuma jikokinmu in sun gani za su ɗauka haka gidan yake.

Na goge wannan ɓangaren, na aro tsani a maƙwabta na hau na ɗauki saman da kaina. Asalin hotunan ma na ajiye su daban a flash, don manhajar da za ta zo nan gaba da su za ta yi aiki.