Igiya da alli a ƙarƙashin Hilux

Ina shekara ta uku da fara koyon kanikanci a wajen Ƙofar Ruwa, a Kano, aka kawo mana wata Hilux mai cin tayar gaba ta hagu. Wata biyu kacal, sabuwar taya ta suɗe ta gefe ɗaya. Na canza tayirod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya), na kai ta alaimen, wato daidaita tayoyi, har sau biyu, ta dawo tana fizgar sitiyari kamar jiya.

Maigidana ya bar ni sai da dabarata ta ƙare, sannan ya ce, "Yaro, ɗauko igiya da alli." Muka ajiye motar a kan siminti mai shafe. Ya ɗaura noti a bakin igiya, ya saki daga kusurwa huɗu na shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da motar ta ƙasa, duk inda notin ya nuna na ɗiga alli. Muka tura motar gefe, muka auna a gicciye: gaba hagu zuwa baya dama, gaba dama zuwa baya hagu. Awon biyu ya kamata su zo daidai. Suka saɓa da kusan santimita 2. Da aka matsa wa mai motar, sai ya ce ai ta taɓa faɗawa kwalbati.

Ranar na gane abin da nake kwanciya ƙarƙashinsa kullum. Shasin Hilux da Land Cruiser tsani ne a kwance: dogayen ƙarafa biyu, da gajeru da suka ɗaure su. Inji, giyabos, sufirin, tankin mai, kowanne a jikinsa yake rataye, bodi kuma ɗora shi aka yi a kan robobi. Taya ta daki rami, sufirin da shokozoba su sha abin da za su iya, sauran ya wuce cikin tsanin, ya ɗan murɗa ya koma. In ya murɗe bai koma ba, duk abin da ke jikinsa ya bar mazauninsa. Mai alaimen kuwa tayoyi yake gyarawa, ba mazauninsu ba.

Na kawo shawarar a gasa ƙarfen da gas a miƙe shi. Nan ne kawai na ga ran maigidana ya ɓaci. Ƙarfen da aka gasa har ya yi ja, in ji shi, ido zai gan shi a miƙe, amma ƙarfinsa ya tafi, kuma ranar da aka loda buhuna a nan zai tsage. A sanyi aka ja shi da sarƙa da jak, kaɗan kaɗan, ana ja ana awo.

Corolla da Golf ba su da wannan tsani, bodin ne shasin. Shi ya sa nake jin zafi in direba ya ce motocin yanzu gwangwani ne. Da gangan aka yi gaba da baya su lanƙwashe su shanye duka, ɗakin fasinja ya tsaya. Mercedes ta fara sayar da mota mai wannan tsari na shanye duka tun 1959.

Yanzu in aka kawo mini 'yar Kwatano in duba kafin a biya kuɗi, ba na fara tayar da inji. Tocila nake ɗauka in shiga ƙasa, ina neman sabon fenti da tabon walda, igiyata tana aljihu.