Karatun gida a Amurka: abin da dokar jiha ke ɗora wa iyaye

A Amurka babu doka guda ta ƙasa da ta tsara yadda iyaye za su koyar da 'ya'yansu a gida. Kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci ilimi ba, kuma gyara na 10 ya bar wa jihohi duk ikon da ba a danƙa wa gwamnatin tarayya ba. Shi ya sa abin da ya halatta ga iyali a Texas zai iya jawo wa wani iyali sammaci a New York, alhali littafi ɗaya suke karantar da yaransu.

Tushen maganar shi ne dokar tilasta zuwa makaranta. Massachusetts ce ta fara kafa ta a 1852, Mississippi ta zo ƙarshe a 1918. Karatun gida rangwame ne daga wannan doka, kuma jihar da ta ba da rangwamen ita ke gindaya sharuɗɗansa. Kotun Ƙoli ta kare haƙƙin iyaye a shari'ar Pierce ta 1925, inda ta hana jihar Oregon tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, da kuma shari'ar Yoder ta 1972, wadda ta yarda mabiya Amish, wata ɗariƙar Kirista, su cire 'ya'yansu bayan aji 8. Amma ko ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen nan bai ƙwace wa jiha ikon sa ido ba. Sai a 1993 karatun gida ya zama halastacce a duka jihohi 50.

A wasu jihohin kusan babu ruwan hukuma da ku. A Texas, tun hukuncin Leeper na Kotun Ƙolin jihar a 1994, ana ɗaukar gidan da ake koyar da yara a matsayin makaranta mai zaman kanta. Abin da ake buƙata shi ne a yi karatun da gaske, a samu manhaja da ido zai iya gani, littafi ne ko allon kwamfuta, sannan a koyar da karatu, haɗa baƙi, nahawu, lissafi da zama ɗan ƙasa nagari. Babu rajista, babu jarrabawa. Idaho, Michigan, Oklahoma, New Jersey da Illinois ma ba sa neman sanarwa. Missouri ba ta neman sanarwa, amma tana son awa 1,000 na koyarwa a shekara, 600 daga ciki a manyan darussa, kuma a ajiye rubutacciyar shaida.

New York kuwa wata duniya ce daban, kuma ta cancanci a bi ta daki-daki, domin a nan iyaye suka fi tuntuɓe. Kafin 1 ga Yuli ana aika wa shugaban makarantun gunduma takardar niyya, ko cikin kwana 14 da fara karatun idan a tsakiyar shekara aka fara. Gunduma za ta turo fom na tsarin karatun kowane yaro, wanda ake kira IHIP, a cike shi a mayar kafin 15 ga Agusta ko cikin mako huɗu da karɓarsa. A ciki ake jera darussa da littattafai, da ranaku huɗu da iyaye suka zaɓa don miƙa rahoto. Kowane rahoto zai faɗi awoyin da aka yi, abin da aka karantar, da makin yaro ko bayani a kan ƙoƙarinsa. Idan ba a kai kashi 80 cikin 100 na abin da aka tsara wa wannan zangon ba, sai an rubuta dalili. Awoyin shekara 900 ne daga aji 1 zuwa 6, 990 daga aji 7 zuwa 12. A ƙarshen shekara akwai tantancewa: daga aji 4 zuwa 8 dole a yi jarrabawar gama-gari aƙalla shekara ɗaya cikin biyu, daga aji 9 zuwa 12 kuma kowace shekara.

Makin da ake nema yana ruɗa mutane sosai. Ba cewa aka yi yaro ya ci maki 33 cikin 100 ba. Ana nufin idan aka jera yara 100 masu ajinsa a faɗin ƙasa, ya wuce 33 daga cikinsu, ko kuma a ga ya samu ci gaban shekara guda cur idan aka gwada da jarrabawarsa ta baya. In bai kai ba, sai a sa karatun gidan a ƙarƙashin gwaji har zuwa shekara biyu, iyaye su kawo tsarin gyara. Wannan hanya ta biyu, ta ci gaban shekara, ita ce ke ceton yaron da ya taso a baya ko wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne, amma ba ta aiki sai da sakamakon baya da za a gwada da shi. Don haka yana da kyau a yi wa yaro jarrabawa tun shekarar farko, ko da doka ba ta nema ba tukuna, a adana sakamakon.

Kuskuren da aka fi yi wajen cike IHIP shi ne cika baki. Uwa mai zumuɗi za ta jera littattafai masu yawa da babi-babi, sai zango ya ƙare ba ta kai kashi 80 ɗin abin da ita kanta ta rubuta ba. A rubuta abin da doka ta nema a taƙaice, abin da aka yi ƙari a kai riba ce.

Pennsylvania tana da nata salon, ƙarƙashin dokarta ta 1988. Ana miƙa takardar rantsuwa kafin 1 ga Agusta, mai kula da karatun ya kasance ya gama sakandare, a tara kundin ayyukan yaro, a yi jarrabawa a aji 3 da 5 da 8, sannan wani mai tantancewa da doka ta amince da shi, kamar malami mai lasisi, ya duba kundin ya ba da shaida kafin 30 ga Yuni. A Florida ana sanar da gunduma cikin kwana 30 da farawa, a ajiye kundin ayyuka shekara biyu, kuma shugaban makarantu na iya neman ganinsa idan ya ba da sanarwar kwana 15 a rubuce. Massachusetts ta fi su duka tsauri a abu guda: sai gunduma ta amince da tsarinku tukuna, kamar yadda kotun jihar ta tabbatar a 1987, ko da yake wani hukunci na 1998 ya hana a tilasta wa iyaye karɓar jami'ai a gida a matsayin sharaɗin amincewar.

Matsala ta fi kunno kai a lokuta biyu. Na farko shi ne ranar cire yaro daga makaranta. Ko a jihar da ba ta neman sanarwa, idan sunan yaro na cikin rajistar makarantar gwamnati, kullum za a riƙa rubuta masa fashi har sai an cire sunan a hukumance. Fashin ya taru, kwamfuta ta fitar da wasiƙar gargaɗi, daga nan sai jami'in fashin makaranta, wani lokaci har hukumar kare yara ta shigo da zargin sakaci da ilimin yaro. Duk wannan kan iya samun iyalin da ke karantar da yaransu safe da yamma. Maganinsa wasiƙa ce mai kwanan wata, da sunan yaro da ranar da karatun gida zai fara, a aika ta gidan waya ta hanyar da ake sa hannu a karɓa, a ajiye kwafi da rasit. Faɗa wa malamar aji da baki ba ya cire suna daga rajista. Na biyu shi ne ƙaura. Dokar inda kuke zaune ce ke binku, ba ta inda kuka baro ba, kuma kwanakin sanarwa suna fara ƙirguwa ne daga lokacin da kuka sauka. Iyalin da suka saba da sakewar Texas suka koma New York suna da kwana 14 kacal.

Wani abin lura kuma shi ne jami'an gunduma kan nemi abin da doka ba ta ba su ba, kamar ƙarin fom ko ganawa ido da ido. Yawanci ba mugunta ba ce, rashin sanin dokar ne, don karatun gida ƙaramin ɓangare ne na aikinsu. A amsa musu a rubuce cikin ladabi, a roƙe su su nuna sashen dokar da ya buƙaci hakan.

Dokokin nan kuma ba a tsaye suke ba, musamman tun bayan annobar korona. Binciken hukumar ƙidayar Amurka ya nuna a cikin gidajen da ke da yara 'yan makaranta, masu karatun gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar a 2020 zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen shekarar, kuma 'yan majalisun jihohi sun farga. Ohio ta sassauta a 2023: ta soke tantancewar shekara-shekara da sharaɗin awa 900, ya rage sanarwa kawai, kafin 30 ga Agusta ko cikin kwana 5 da farawa. Abin mamaki, sauyin nan a cikin dokar kasafin kuɗi ya zo. Wanda ke jiran ƙudiri mai ɗauke da sunan karatun gida a goshinsa ba zai ga zuwansa ba. A Illinois akasin haka aka gwada a 2025, da ƙudirin da ya nemi a riƙa cike fom duk shekara, kuma mai koyarwa ya mallaki shaidar gama sakandare. Dubban iyaye suka yi cincirindo a majalisar jihar da ke Springfield, ƙudirin bai wuce ba a wannan zama.

Sauyin da ya fi shigowa a ɓoye shi ne na shekarun haihuwa da doka ta tilasta wa yaro yin karatu a cikinsu. A Pennsylvania da shekara 8 zuwa 17 ne, suka koma 6 zuwa 18, tun daga shekarar karatu ta 2020. Babu wanda ya kira wannan dokar karatun gida, amma ta ƙara wa kowane iyali shekara uku na rantsuwa da kundi da kuɗin mai tantancewa.

Sai batun kuɗi, wanda ya raba kan masu karatun gida. Arizona ta ƙirƙiro asusun tallafin ilimi, wanda ake kira ESA, a 2011, ta buɗe shi ga kowane yaro a 2022, a lokacin ana ba da kusan dala 7,000 ga yaro a shekara. Florida ta faɗaɗa nata a 2023. Texas ta kafa nata a 2025 da dala biliyan 1, inda mai karatun gida zai samu har dala 2,000. Ga iyalin da uwa ko uba ya ajiye aiki don ya koyar, wannan kuɗi ba ƙarami ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya karɓa ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A Arizona wanda ya sa hannu a kwangilar ESA ya fita daga sahun masu karatun gida a idon doka, ba ya ma miƙa takardar rantsuwarsu. Kwangila ce ke mulkinsa, da rasitai da jerin abin da aka yarda a saya. A Florida mai karɓar tallafin yana barin rajistar gunduma, ya koma ƙarƙashin wani tsari da ke wajabta jarrabawar gama-gari kowace shekara, alhali a da yana da zaɓin malami ya duba kundi kawai. A karanta kwangilar gaba ɗaya kafin a sa hannu, a kuma binciki takardar da za a sake cikewa idan aka fasa tallafin, domin tsakanin fita daga wannan da komawa wancan yaro kan iya zama ba shi da rajista ko'ina.

Wasanni da sauran hidimomin makaranta ma dokar jiha ce ke yanke su. Florida ta ba yaran gida damar buga wa makarantun gwamnati wasa tun 1996, ta wannan ƙofa Tim Tebow, shahararren ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya fito, har ake kiran irin waɗannan dokoki da sunansa. A Virginia Terry McAuliffe, lokacin yana gwamna, ya ƙi sa hannu a irin wannan ƙudiri, New York ma ba ta yarda ba. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne yaro mai buƙata ta musamman. Dokar tarayya ba ta ba wanda aka cire daga makarantar gwamnati cikakken haƙƙin hidimomin da yake samu a da ba, kamar gyaran magana. Abin da zai rage masa ya dogara da ko jihar na lissafa karatun gida a cikin makarantu masu zaman kansu. A tambayi wannan a rubuce kafin a cire yaron, ba bayan an cire shi ba.

Ni dai ina ganin sanarwa ta shekara-shekara ba zalunci ba ce. Akwai yaran da ake ɓoye su da sunan karatun gida, kuma takarda ɗaya a shekara ba ta rage wa iyaye nagari komai. Abin da ke cutarwa shi ne tarin rahotanni da ranakun da kuskuren mako guda zai kai iyali gaban kotu, ba tare da an auna ko yaron ya iya karatu ba.

Galibin majalisun jihohi suna zama ne daga Janairu, da yawa kuma suna tashi kafin Yuni, wasu kamar ta Texas sai bayan shekara biyu. Kowace majalisa tana da shafin intanet inda ake bin ƙudiri ta lambarsa. A karanta rubutun ƙudirin kansa, musamman sashen ma'anoni da ranar fara aiki, kada a tsaya a taƙaitawar da ake yawo da ita a Facebook. Ƙudiri yana sauya kama a kwamiti, a can ne kuma ake sauraron jama'a, da baki ko a rubuce. Idan ya zama doka, ma'aikatar ilimi ta jiha kan fitar da ƙa'idojin aiwatarwa da sabon fom, kuma su ma ana buɗe lokacin sharhi a kansu kafin su tabbata.