Takardar ƙarshe nake fara tambaya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da ɗan shago a Garwa, ni da yara biyu masu koyon aiki. Gyaran firinta muke yi, irin mai garin tona ta ofisoshi, wadda mutanenmu ke ce wa emfirimanti. Kusan duk wanda ya kira ni maganarsa ɗaya ce: "Malam, tona ya ƙare." Takarda ta maƙale, tona ne. Baƙin layi ya ratsa shafi, tona ne. Ni kuwa kafin in kwance ko da ƙusa ɗaya, sai na ce a miƙo mini takardar ƙarshe da ta fito.

Dalili kuwa, kusan kome a cikin na'urar nan juyawa yake yi. Akwai tambur, 'yar gangar nan da ke cikin kartush (akwatin garin tona), wadda hasken leza ke zana rubutu a jikinta, gari ya manne, sannan ya sauka kan takarda. Daga nan takarda ta bi ta cikin fur, wato tanda, inda zafi kusan digiri 200 ke narkar da garin ya kama. To, abin da ke juyawa in ya yi tabo, kowane juyi sai ya buga tabon nan. Shi ya sa rula ba ta barin aljihuna. A ƙananan HP irin 1020, ɗigon da ke maimaituwa duk bayan milimita 75 ko kusa da haka na tambur ne. In tazarar kamar rabin wannan ce, ɗan baƙin rolan da ke goga jikinsa ne ya lalace. In kuma na rasa gane inda gizo ke saƙa, sai in ɗaga murfi takarda tana tsakiyar tafiya, in leƙa tambur. Rubutu ya fito ras a jikinsa? Ke nan ɓarnar tana gaba.

Kwanan baya aka kira ni wani ofishi. Sakatariyar, wata dattijuwa, ta riga ta sa an sayo kartush biyu sabbi ful, amma rubutun gefe ɗaya da an taɓa sai ya goge. Na shafa yatsa a kai, na nuna mata baƙin.

"Hajiya, garin nan ai bai dahu ba. Wace takarda kuke sa mata?"

"Bayan tsofaffin takardu mana, ɗana. Ka san tsadar rim yanzu."

Da na kwance fur ɗin, ga 'yar ƙusar agaraf nan da ake haɗa takardu da ita ta naɗe, ta keta siririyar ledar da ke lulluɓe da abin zafin, gefenta duk ya yage. Ban ga laifinta ba wajen tsimi, ni ma haka nake yi a shago. Na dai roƙe ta a riƙa zare ƙusoshin. Ledar ba ta kai kuɗin kartush ɗaya ba.

Yanayinmu ma da nasa rabon. Da hunturu ƙura kan sa robar da ke jan takarda ta yi sulɓi, ka ji tana juyawa amma ba ta ɗauka. Sau da yawa tsumma mai ɗan laima ya wadatar. Ƙurar nan in ta hau madubin leza, rubutu sai ya dusashe ko da kartush cike yake. Da damina kuwa takarda ce ke shan danshi ta riƙa lanƙwashewa. Na kyankyasai da tsaka ba sai na faɗa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na wuta. Firinta mai leza tana zuƙar wuta sosai lokacin da fur ke ɗaukar zafi, amma sai ka tarar an jona ta a ƙaramin ondilar ɗin kwamfuta, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ko a wani gurup, wato janareta, mai tari. In HP ce mai allo sai ta nuna lamba 50, alamar matsalar fur, mai ita ya ce ta mutu, alhali wani lokaci da an mayar da ita soket ɗin bango ta farfaɗo. Sai kuma 'yan gwanjon da aka ƙera don Amurka, masu volt 110, mu kuwa tamu 220 ce. Mutum ya ga araha ya saya, ya jona, tau! Hayaƙi.

Irin waɗannan sai jira. Kayan gyara daga Duwala suke tasowa, su biyo ta Ngawundare kafin su iso mu, in ana sauri kuma in aika Yola. Akwai 'yan gwanjon nan guda huɗu yanzu haka a kan kanta. Jiya ƙaramin yaron ya ce, "Maigida, mu cire fur ɗin waccan mu sa wa ta makarantar nan mana." Na ce ya juya bayanta ya karanta mini abin da aka rubuta kusa da wajen waya. Ya karanta, ya mayar da ita inda take.