Agogo biyun da ke cikin kwamfuta

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da nake ajiye takardu da hotuna a cikinta, Linux ce a kai. Ta yi wata uku a kashe, ba ko a jone da wuta ba. Ranar da na kunna ta, duk shafin da na buɗe sai burauza ta ce takardar shaidar tsaronsa ba ta fara aiki ba tukuna. Na je sabunta manhajoji da apt, shi ma ya tirje. Can na buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta `date`, sai ga kwanan wata na shekarun baya. A lissafin kwamfutar, lokacin da aka bayar da waɗancan takardun shaida bai ma zo ba, to ta yaya za ta yarda da su?

Na rubuta `sudo date -s "14:30"` bayan na saita ranar da irin wannan umarnin, komai ya dawo daidai. Da na sake kunna ta kuwa, sai ta koma gidan jiya.

A nan ne abin da nake son mutane su gane yake. Agogo biyu ne a cikin kwamfuta. Akwai na tsarin aiki, wanda ke gudana muddin tana kunne, shi ne `date` ke nunawa kuma shi kaɗai yake gyarawa. Akwai kuma na jikin allon na'ura, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa a cikin akwatinta, ɗan ƙaramin agogo mai ƙirga bugun ƙiristal sau 32,768 a daƙiƙa, wanda ke ci gaba da tafiya ko an kashe kwamfutar. Duk tashin da za ta yi, wurinsa take tambayar lokaci. Da na rubuta `sudo hwclock --show` na tarar yana nan a tsohuwar shekararsa, gyaran da na yi bai ko taɓa shi ba. Umarnin `sudo hwclock --systohc` ne ya kwafe lokacin tsarin ya zuba masa.

Ni dai yanzu `timedatectl` na fi so. Ka rubuta shi kawai, ya jero maka lokacin yankinka, da na UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, da na agogon allo, duka a gabanka, sai ka ga wanda ya kauce. Idan ka saita da `timedatectl set-time`, agogon biyu yake gyarawa tare. Amma zai ƙi idan daidaita lokaci ta intanet na kunne, sai ka fara kashe shi da `set-ntp false`. Tawa a kashe na same shi, shi ya sa ba ta iya gyara kanta ba. Wani abu kuma: idan mintuna daidai suke, awa ce kawai ta saɓa, kada ka taɓa agogo, yankin lokaci ne ke buƙatar `set-timezone`. Haka masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ke fama, domin Windows lokacin gida yake rubutawa a agogon allo, Linux kuma UTC ya saba ɗauka.

Duk da haka ban huta ba. Na zare ta daga wuta da dare, da safe lokaci ya sake ɓacewa. Na kwance murfin, na hango batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke ba agogon allo wuta idan an zare kwamfuta, kwance a raminsa kusa da gefen allon, ƙura ta rufe shi. Bolt 3 ya kamata ya bayar. Da na auna, ko 1 bai kai ba. Na danna ɗan ƙarfen da ke riƙe shi ya tashi, na saka sabo, na kunna `set-ntp true`. Bayan 'yan daƙiƙu na sake rubuta `timedatectl`, layin da ke nuna ko agogo ya daidaita ya koma `yes`. Na zare ta kwana biyu don gwaji, ta tashi da lokacinta daidai.