Wasiƙa daga Frankfurt: kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum biyu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na gida, musamman iyayen amare da ƙannena masu shirin tarewa. Ina gaishe ku da aiki. Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi da ya kankama, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufa kamar an yi isha'i.

Makon jiya aka turo min bidiyon jeren wata ƙanwata da za ta tare a wani ɗan fulat a Abuja. Kuloli saiti-saiti, tukwane har bakin ƙofa, kwalaye jibge a falo ko buɗe su ba a yi ba, ga gwaggonmu tana ta sababi wai magini ya cuce su, wannan ai ba kicin ba ne. Na yi dariya har da hawaye, domin kaina na gani.

Ranar da muka karɓi makullin gidan da muke ciki, mamallakin gidan ya tura wata ƙofa ya ce ga kicin. Na leƙa, ɗaki fayau. Bango fari tas, bututun ruwa sun leƙo ta ƙasa, ga wayar lantarki a nannaɗe. Ba kabad, ba murhu, ba wurin wanke-wanke. Na dubi Abban yara, shi kuma ya dubi ƙasa. Ashe a Jamus wannan ba abin mamaki ba ne, gidajen haya da yawa haka ake ba da su. Mai tashi yakan kwance kicin ɗinsa ya tafi da shi kamar yadda ake tafiya da gado, ko ya sayar wa mai shigowa. Sati biyar na yi ina girki a kan ƙaramin murhun lantarki mai kai biyu da na ɗora bisa akwati, wanke-wanke kuwa a banɗaki.

Da muka tashi saye sai na gane lissafinsu. Kusan komai faɗinsa santimita 60 ne: murhu, firij, injin wanki, kabad. Bangona santimita 240, wato gurbi huɗu ke nan, ba ƙari. Wurin wanke-wanke ya ci ɗaya, murhu ya ci ɗaya, firij ya ci ɗaya. Na huɗun shi ne teburin aikina, ƙarƙashinsa kuma injin wanki, don banɗakin ba zai ɗauke shi ba. Ƙasan wurin wanke-wanken da nake sa ran jera tukwane, kwandunan shara suka mamaye shi, domin a nan ba a haɗa shara. Takarda daban, roba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, tarkace daban. Gorar ruwa ma ba a yar da ita, akwai ajiyar santi 25 na kuɗin Yuro a kanta, sai kin mayar kanti a ba ki kuɗinki. Kafin ranar mayarwar kuma wurin zama take nema.

Ni kuwa da akwati biyu na zo, kilo 23 kowanne, ɗaya kusan duk kayan kicin ne. Akwai tukunyar da Inna ta zaɓa min da hannunta, wadda za ta ci mudu biyu na shinkafa ba ta ji ba. Ranar da na fara girki da ita, na zo wankewa ta ƙi shiga wurin wanke-wanke. Akwai kuma ɗan turmina. Wata Lahadi da hantsi na zauna daka yaji, ban yi minti biyar ba aka buga ƙofa. Tsohuwar da ke ƙasanmu ce, ta zaci gini muke rushewa. Lahadi a nan ranar shiru ce, ko ƙusa ba a bugawa. Na ba ta haƙuri, da yamma na kai mata waina.

Wainar nan ce ta ƙulla mana zumunci. Da ta shigo ta ga yadda nake tsallake tukwane kafin na isa murhu, sai ta ce ai garin nan ne ya koya wa duniya irin wannan kicin, in shirya ta kai ni in ga uwarsu. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa unguwar Römerstadt, inda aka mayar da wani gida wurin tarihi, ana kiransa da sunan Ernst May, mutumin da ya jagoranci gina wa ma'aikatan birnin gidaje bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da muhalli ya yi tsananin wuya. Kicin ɗin gidajen kuwa mace ce ta tsara shi a 1926, Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar birnin Vienna, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi aikin zanen gini a ƙasar Ostiriya. Faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4, kuma an yi irinsa kusan 10,000.

Na daɗe a tsaye a cikinsa. Daga kicin ɗin taragon abinci na jirgin ƙasa ta ɗauko dabarar, inda mai dafuwa ke ciyar da matafiya da yawa a wurin da ba zai iya miƙe hannuwansa biyu ba. An riƙa auna aikin girki da agogo, ana ƙirga takun mace daga murhu zuwa famfo, don a rage kai-kawo. Ga wasu 'yan mazubai na alminiyom jere a bango, kowanne da mariƙi da baki da sunan abin da ke ciki, ki zaro ki tsiyaya ki mayar. Ga katakon guga da ake naɗewa jikin bango. Ga kujera mai juyawa don a yi yanke-yanke a zaune. Har fentin an zaɓe shi mai shuɗi-shuɗi, wai ƙuda ba ya son sa. Abin da ya fi ba ni dariya, ita kanta matar ta faɗa daga baya cewa lokacin da ta tsara shi ba ta ma saba girki ba. Ta rasu a shekarar 2000, saura 'yan kwanaki ta cika 103.

A hanyar dawowa ba ita nake tunani ba, kakata nake tunani. Ɗakinta ƙarami ne, amma ba ka taɓa cin tuntuɓe da kwano. Ƙwaryar nono tana cikin ragaya a sama, ludayi da maburgi a soke jikin azara, faifai a rataye. Mu ne muka manta cewa bango ma wuri ne. Washegari na sa Abban yara ya ɗaura min ƙarfe mai ƙugiyoyi tsakanin kabad na sama da tebur. Muciya, maburgi, ludayi, matsami, rariya, duk suka bar durowa suka koma sama. Bayan ƙofa na rataya kwando na albasa da tafarnuwa. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa da yaji na juye su cikin kwalaben jam masu murfin murɗawa, tsawo ɗaya, na manna wa kowacce suna. Ita daddawa sai da na ninka mata leda kafin kwalba, in ba haka ba har kwat ɗin yara sai ya ɗauka su tafi da shi makaranta.

Na yanko katako daidai bakin wurin wanke-wanke, in na ɗora shi teburina ya ninka. Tukwane na rage su zuwa huɗu masu shiga cikin juna. Sauran, da kulolin da tukunyar Inna, suna ɗan sitonmu na ƙarƙashin ƙasa, domin yawancin gidajen nan kowane ɗan haya yana da nasa. Sau biyu suke hawowa a shekara, ƙaramar Sallah da babba.

Amma wurin da ya fi wuyar samu a ƙaramin kicin ba na ajiya ba ne, na aiki ne, shi kuwa da tsarin lokaci ake samunsa. Miya nake fara gamawa, in wanke blanda in mayar, sannan in ɗora ruwan tuwo. Jajjage nakan yi na sati biyu, in zuba a leda in shimfiɗe ta falle-falle a firiza, in ta daskare in jera su a tsaye kamar littattafai. Tuwon shinkafa da gajeriyar shinkafarsu da suke dafawa da madara nake yi, tana da danƙo, ba ta ba da wahala. Tuƙi ne dai na kasa a tsaye. Murhun ya yi min tsawo, kafaɗa ke ciwo. Saboda haka sai in sauke tukunyar ƙasa bisa katako, in jawo 'yar tsugunno, in dafe da tsumma in tuƙa yadda aka koya min. A wannan lokacin ko yaro ba ya iya shigowa, ƙofar ma ba ta buɗuwa.

Nan ne kuma inda dabarar Margarete ta gaza min. Kicin ne na mutum ɗaya, kuma an yi mata wannan ƙorafi, cewa ta killace mace ita kaɗai. A tsakar gidanmu wata na tsintar shinkafa, wata na gyaran zogale, wata na fifita wuta, hira na tafiya, kafin ki ankara an sauke. A nan daga ni sai ƙarar firij. Nakan jingina waya da kwalbar yaji in kira Inna. Ran farko da na zagaya mata da kyamara ta yi shiru, can ta ce, “'Yar nan, wannan ai akurki ne.”

Iyayenmu mata, na san abin da ke sa a jibga kayan nan. Na san 'yan ganin ɗaki, na san gorin dangin miji da ba ya tsufa. Amma gidajen da yaranku ke shiga yanzu a Abuja da Kaduna da Kano ba irin waɗanda kuka shiga ba ne, babu tsakar gida, babu sito. Kafin ku nufi Sabon Gari ko Ƙofar Wambai, ku aika yaro da tef ɗin tela ya auno bangon kicin ɗin da bakin wurin wanke-wanken. Kuɗin saitin kula na huɗu da na biyar ku ba kafinta ya yi mata kanta mai hawa uku har kusa da silin. Ita kuma ƙanwar tawa na riga na faɗa mata, kwalayen falon nan kada ta buɗe su sai ta yi wata guda tana girki, wanda ba ta nema ba a watan ta mayar gida a ajiye wa mai bi mata.

In an ji mai tahowa nan kusa, a aiko min da kuka da maburgi, nawa ya karye. Kilishi da man shanu kada a wahala, ba a barin nama da kayan nono su shigo, a filin jirgi za a karɓe.

A gaida kowa da kowa.

Taku 'yar uwa,
daga Frankfurt, Jamus